Irin Waken Suya da Ya Sha Ruwa

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare shekarar da na ɓata irin waken suyar kakata. Ban taɓa ba kowa labarin daga farko har ƙarshe ba. Mutanen gidanmu kowa ya san ɓangaren da ya gani ne kawai.

Ƙauyenmu yana kusa da Likoro. Masara da dawa su ne abincin gida, waken suya kuwa kusan kowa yana ɗan yi a gefe, maza don kasuwa, mata don awara. Kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata, har Baba ma haka yake kiran ta. Tana da gayauna, wata 'yar gona tata ta kanta a bayan gari, kuma abin da aka san ta da shi a unguwarmu shi ne iri. In an yi girbi takan zauna kwana da kwanaki tana tsince wakenta ɗaya bayan ɗaya, ta ware masu ƙiba da santsi, ta zuba su a wata farar jarka, ta toshe bakin da leda kafin ta ɗaure murfin, ta tura ƙarƙashin gadonta inda zafi ba ya kaiwa. Da damina ta kama sai mata su fara zuwa. Ba ta sayarwa, bayarwa take yi. Kuma a wajenmu in an ba ki iri ba kya tambayar ko zai tsiro. Sanin hannun da ya fito ya isa.

A shekarar yanar ido ta fara rufe wa Iya gani. Ni nake zura mata zare a allura, ni nake tsince mata tsakuwa a shinkafa, ni nake karanta mata sunan wanda ya kira a waya. Takan ce wa mutane, "Ga idona nan, sai dai ba shi da baki." Gaskiya ta faɗa. In aka yi baƙi ɗaki nake shigewa. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, sai in rubuta ta a gefen littafi in jira wata ta faɗa.

Wata Asabar, an fara ruwa jifa-jifa amma ba a yi shuka sosai ba, Iya da Innarmu suka shirya tafiya suna Makarfi, za su kwana biyu. Da sassafe Iya ta sa na ɗauko jarkar muka fita bayan gida. Akwai wani falalen dutse a can inda matan unguwa ke shanya, gefensa ɗaya ƙarƙashin inuwar ɗorawa. Muka shimfiɗa buhu a inuwar muka baza waken. Ya kai mudu shida.

"Iska kawai zai sha," in ji Iya. "Hantsi na yi ki kwashe ki mayar. Kin ji ko, bebiyata?"

Na gyaɗa kai.

"Ba na ganin gyaɗa kai yanzu. Yi magana."

"Na ji, Iya."

Suka hau babur suka tafi.

Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi, ta zaure. Ina cikin wanke-wanke na ji sallamar maza. Dattawa huɗu ne suka zo wajen Baba kan maganar hanyar shanu da ta bi ta gefen gonaki. Suka baje tabarmi suka cika zauren. Duk wadda za ta wuce sai ta cire takalmi, ta durƙusa, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta amsa tambayar gida da ta makaranta. A cikinsu akwai wani tsoho mai barkwanci da in ya gan ni sai ya ce lallai in yi masa Turanci, sauran su yi ta dariya.

Hantsi ya yi. Na je bakin zaure na tsaya a bayan bango. Ina ganin takalmansu a jere: silifa biyu, wani takalmin roba da aka ɗinke da waya, da sandal mai sabon maɗauri. Na ce bari in ɗan jira, ai yanzu za su tashi. Na koma na share tsakar gida. Na dawo, suna nan. Na koma na sake share inda na share. Zuwana na uku na ga hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa kayan da ke kan igiya. Har na cire takalmina na riƙe a hannu. Sai tsohon nan ya ƙyalƙyale da dariya kan wata magana, ƙafata ta ƙi gaba.

Ruwa ya sauko. Da ya sauko kuma babu mai tashi, suka ƙara gyara zama suna jiran ya ɗauke. Baba bai san akwai shanya a waje ba. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar ɗakin girki ina kallon ruwa yana zuba daga indararo. Sai bayan azahar suka tafi masallaci.

Na iske buhun ya lotsa cikin wani kwarin dutse, ruwa ya taru a kai, waken yana kwance ciki. Ya kumbura, fatarsa ta yamutse kamar yatsun wadda ta daɗe tana wanki. Na kwashe shi a babban baho na kai ɗakin Innarmu na rufe da faifai. Nan ya kwana da danshinsa.

Washegari rana ta fito da ƙarfi. Na yi tunanin abin da na saba gani: masara in ta jiƙe a rana ake baza ta, haka kuɓewa, haka barkono. Da Baba ya tafi gona na kai waken tsakiyar dutsen, inda babu inuwa ko kaɗan, na baza shi kai tsaye ba shimfiɗa don ya fi saurin bushewa. Da tsakar rana dutsen ba ya takuwa ba takalmi. Na yi ta juya shi da tsintsiya. Zuwa la'asar na ciji ɗaya na ji ya yi ƙas. Na ji daɗi ƙwarai, a zatona na gyara ɓarnar da na yi. Amma da nake mayarwa a jarka na lura fatar ba ta koma yadda take ba, shekin nan ya tafi, waɗansu sun rabe biyu. Na tsince waɗanda suka rabe na watsa wa kaji.

Da suka dawo Iya ta tambaye ni, "Kin kwashe?"

"Na kwashe."

Ta jawo jarkar ta girgiza, ta ji ƙarar busasshen wake, ta mayar.

Bayan mako uku, wata Juma'a da safe kafin in tafi makaranta, maƙwabciyarmu mai awara ta shigo. Gwaggo nake ce mata duk da ba mu haɗa jini ba. Mijinta ya rasu shekara biyu kafin nan ya bar ta da yara huɗu, kuma da awarar nan take riƙe da su. Tana soyawa a ƙofar gidanta da yamma, da safe ta kai bakin makarantar firamare. Waken kuwa a kasuwar Makarfi take awo, in ya yi tsada sai ta yi ta aiki ba ta ga komai ba. A shekarar wan mijinta ya ara mata gona, ta ce za ta noma nata.

Ta durƙusa suka gaisa da Iya, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi yara da sana'a da gajiyar suna. Sannan ta ce, "Iya, iri ya kawo ni. Mai shanun huɗa ya ce ranar Alhamis zai shiga gonata."

"To madalla. Ke bebiya, jawo jarka ki auna mata mudu huɗu."

Ina aunawa Iya ta sa hannu a cikin mudun ta murza waken tsakanin yatsunta. Ta sake murzawa.

"Kamar ya yi kaushi bana," in ji ta. "Ko hannuna ne ya tsufa? Duba min, idona. Lafiya yake?"

Gwaggo tana can tana ɗaure bakin zanenta, ba ta kallon mu. Na ce, "Lafiya lau yake."

Da na dawo daga makaranta ni aka aika in kai mata ƙullin. Na same ta tana tace ƙullun awara, ga wani baho a gefe cike da jiƙaƙƙen wake. Na sunkuya zan ajiye kusa da bahon.

"A'a, 'yar boko, ba nan ba! Kai min ɗaki, kan tebur. Ruwa zai fantsama."

Na kai na dawo, tana ci gaba da magana tana matse ƙyallen tata. "Irin waken suya ba ya son ganin ruwa sai ranar da ya shiga ƙasa. In ya jiƙe ya sake bushewa, shi ke nan, sai dai tukunya."

Ban san lokacin da na ce, "Ko an shanya shi sosai a rana?" ba.

Ta ɗago ta dube ni. "Ikon Allah, yau bebiyar Iya ta yi tambaya! Ai ranar ce ke ƙarasa shi. Ungo awara, kafin bakin ya sake rufewa."

Na karɓa, na riƙe ta a hannu har gida ban ci ba.

Daga ranar na fara gardama da kaina, kuma na iya kawo hujja. Na ce ruwan ai ba kwana ya yi yana zuba ba. Na ce Gwaggo ba malamar gona ba ce, wataƙila ji kawai ta yi. Na ce ko bai tsiro ba za a ce tsuntsaye ne suka tone, ko ruwa ya yi yawa, babu wanda zai kawo ni a ransa. Wannan hujjar ta ƙarshe ita ta fi kwantar min da hankali, kuma ita ta fi sa ni jin kunyar kaina. Na san yadda abin zai kasance. Gwaggo za ta shuka, ta jira mako guda, ta ƙara jiran wani makon tana cewa irin Iya ba ya ƙin fitowa. Kafin ta haƙura lokacin shukar waken ya wuce, kowa ya shuka nasa, babu sauran iri a hannun kowa. Gonar aro ce kuma, in ta bar ta ta zama ciyawa ba lallai a sake ara mata ba.

Ranar Lahadi da hantsi muna zaune da Iya a inuwar rumbu, ina tsince mata shinkafa a faifai. Na tsince tsakuwa, na tsince ƙaiƙayi, na koma ina tsintar shinkafar kanta ina ajiyewa gefe. Sai na ce, "Iya, waken nan ya sha ruwa."

"Me kika ce? Ɗaga murya. Kunnena bai mutu ba, amma ba ya jin maganar sauro."

Na sake faɗa. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ta ajiye carbinta a cinya. "Wane waken? Na jarka?"

"E."

"Yaushe?"

"Ranar da kuka tafi suna."

"Yayyafi ne ya taɓa shi, ko kwanciya ya yi a ruwa?"

"Kwanciya ya yi."

"Daga yaushe zuwa yaushe?"

Haka ta yi ta bi na da tambaya, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga murya ba. A ina ya kwana. A buɗe ko a rufe. A ina na shanya. Da shimfiɗa ko babu. Da na fara cewa ina ganin ya mutu duka, sai ta tsayar da ni.

"Wannan ba ki gani ba, zato kike yi. Faɗa min abin da idonki ya gani tukuna."

Na faɗa mata yamutsewar fata, da rabewar, da shekin da ya tafi. Sai a ƙarshe ta ce, "To me ya hana ki kwashewa da hantsi?"

Na ce baƙin Baba ne a zaure.

Ta ɗauki carbinta. Sannan ta ce, "Hmm." Ba ta ƙara komai a kai ba a lokacin.

Baba ya dawo daga gona kafin azahar, Iya ta kira shi ta gaya masa. Ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai. Baba ba mai duka ba ne, amma na fi tsoron wannan kallon.

"Abu mai sauƙi ne, Iya," in ji shi. "A aika a karɓo. A ce an duba an ga irin ya kwana biyu, ya sha iska. Ba sai an tona yarinya ba, ta zama abin magana a bakin rijiya."

"Ya kwana biyu a ina? Na bara ne. Mai awarar da kanta ta taya ni ɗaure murfin."

"To a ce jarkar ce ta yi gumi."

"In na ce jarka ce, gobe ba za ta sake ajiye iri a jarka ba, da ita da duk wadda ta gaya wa. Na sa su gyara abin da bai lalace ba ke nan, ainihin abin kuma yana nan yana jiran wata yarinyar." Ta juya wajen da nake. "Maganar bakin rijiya kwana biyu ce. Za ki mutu?"

Na ce a'a, duk da a lokacin ban tabbata ba.

"Kuma ba mu ma san ko ya mutu ba," in ji ta. "Ɗauko min kaskon nan, ki ciko shi da yashi."

Na kawo kaskon fasasshiyar tukunya, na cika da yashi na yayyafa ruwa. Na buɗe jarkar zan ɗebo daga mudu biyun da suka rage, sai ta riƙe hannuna.

"Rufe idonki ki damƙo. Ke kina so ya tsiro, in na bar ki da ido masu kyau za ki zaɓa, kaskon ya yi mana ƙarya."

Na rufe ido na damƙo. Ta sa na ƙirga ashirin daga saman tafin hannuna yadda suka zo, har da wani mai tsagaggiyar fata da na so in ture. Na binne su layi-layi. Ta ce kwana biyar za mu ba shi.

Na ɗan ji sanyi, na ce a raina ashe sai Juma'a za a gaya wa Gwaggo, in ma an gaya mata. Kamar Iya ta ji ni.

"Ɗauko mayafinki. Yanzu za mu je."

"Ba sai mun ga kaskon ba?"

"Kwana biyar ɗin nan nata ne, ba namu ba. Ta san halin da take ciki, ta fara cigiyar wani irin."

Na riƙe mata hannu muka fita. A hanya ta ce, "Ni rakiya na yi. Bakinki ne zai yi aiki."

Mun sami Gwaggo tana yanka awara a kan tire. Ta yi ta murna, ta shimfiɗa wa Iya tabarma. Bayan gaisuwa Iya ta ce, "Jikata ce ke da magana," ta jawo carbinta ta sunkuyar da kai.

Ban san yadda na fara ba. Na tuna dai ina kallon wuƙar hannunta, mai ƙotar da aka naɗe da roba. Na faɗi ruwan, na faɗi dutsen, na faɗi cewa Iya ta tambaye ni na ce lafiya lau. Wuƙar ta tsaya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta ajiye tiren. "Alhamis fa! Na riga na yi magana da mai shanu! Shi ya sa rannan kika tambaye ni ko an shanya a rana? Kina tsaye a nan, na ba ki awara, kika juya kika tafi?"

"E, Gwaggo."

"Da na zuba shi a ƙasa fa? Wa zan kama? Iya, kin ji fa!"

"Na ji," in ji Iya. Ba ta kare ni ba.

"To me ya hana ki kwashewa?"

Na gaya mata.

Ta dube ni kamar ba ta fahimta ba. "Tsofaffi huɗu? Cizo suke yi? Ni da nake ratsa tashar mota da bokitin awara a ka, direbobi suna ta surutu!" Ta yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta daɗi ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin ta kwance, ta fita da shi haske ta duba. "Wallahi kuwa. Ga shi nan a yamutse. Ni ban ma buɗe ba, na ce na Iya ne."

Wannan maganar ta fi min zafi fiye da faɗan. Na saci kallon Iya. Ba ta ɗago ba.

Ranar Gwaggo ba ta raka mu ƙofa ba.

A hanyar dawowa Iya ta yi maganar da na yi ta jira tun safe. Ta ce shanya a rana ba laifina ba ne, nata ne, don ba ta taɓa gaya min ba, ta ɗauka duk wanda ya tashi a gidan ya sani. Ta ce zauren kuwa wauta ce. "Gaisuwar dattawa numfashi nawa ce? Kunyar da za ta sa ki tsaya kina kallon kayan mutane suna lalacewa, ba ita muka koya miki ba." Muka yi 'yar tafiya. Sannan ta ce, "Amma da na ce ki duba min, ba ni da wani idon. Wannan kada ki sake."

Na ce ba zan sake ba. Ina kuka, ita kuma tana jan hannuna kamar ni ce ba na gani.

"Ya isa. Kin dai faɗa kafin a shuka. Da kin bari sai bayan mako biyu, ko kin faɗa ba zai tsirar da ƙwaya ɗaya ba."

Kwana biyar ɗin nan kafin in tafi makaranta sai na duba kaskon, in na dawo kafin in cire hijabi sai na duba. Rana ta uku yashin ya tsage a wuri biyu. Ta huɗu na ga wuyan tsiro a lanƙwashe, fari-fari. Ranar Juma'a shida suka fito. Na bakwai ya ɗago ya tsaya, kansa baƙi. Iya ta sa na tone sauran. Sun ruɓe, suna wari, in na taɓa sai su narke a yatsa. Ni na ɗauki kaskon na kai wa Gwaggo ta gani da idonta. An riga an yi mata huɗa, kunyoyin suna jira, ta yi cigiya gida uku ba ta samu ba.

Baba yana da nasa irin, na kamfani a ɗinkakken buhu, wanda ya sayo don gonarsa ta bakin rafi. Da la'asar Iya ta aika na kira shi.

"Mudu huɗu nake so a cikin buhun nan naka."

"Iya, daidai gonar na saya. Ko ƙwaya ba ta yi saura ba."

"Na sani. Irin gidan nan mai awara ta dogara da shi har aka yi mata huɗa."

Ya tsaya yana sosa ƙeya. "Uku," in ji shi. "In na ba da huɗu gefen rafin gaba ɗaya zai zauna."

"Uku ɗin. Allah ya yi albarka."

Ya farke buhun ya auna da kansa. Da yake miƙo min ƙullin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe in kina da uzuri ki yi sallama ki wuce. Ko gwamna ne a zauren."

Daga makon Iya ta ɗauki wata ɗabi'a. Da ta ji sallamar baƙi sai aike ya taso mata: ashana, gishiri, ko in je in duba ko akuya ta kwance. Tsohon nan mai barkwanci ya sa na yi masa Turanci har sau uku. Na huɗun na ce masa shi ma ya rama min da Fulatanci, tunda ya iya, aka yi ta yi masa dariya.

Ranar Asabar na bi Gwaggo gona muka yi shuka. Tana gaba tana sara rami a kan kunya, ina biye ina zuba ƙwaya uku-uku ina rufewa da ƙafa. Har rana ta ɗaga ba ta ce min komai ba sai "matso" da "kin yi nisa". Da muka zauna shan ruwa ta kwance ƙullin awara ta tura min gabana.

"Ci. Naki ne, na wanda kika jiƙa min. Kin rage min aiki, rabin jiƙon an riga an yi."

Na yi dariya da abinci a baki har na ƙware, ta yi ta bubbuga min baya tana cewa kada in mutu mata a gonar aro.

Mudu ukun bai kai ƙarshen gonar ba. Kunyoyi bakwai suka rage, daga baya ta zuba musu farin wake. Iya kuwa ta sa na shuka mudu biyun da suka rage a jarka a gayaunarta, da yawa-da yawa a kowane rami. Ta ce gonarta ce, in ya ƙi ita ta jiyo, amma ba za ta miƙa wa wani abin da take shakka ba. Ya fito tsalli-tsalli, nan ɗaya can biyu. Abin da aka samu bai fi na iri ba, amma irin nata bai ɓace ba.

Ina gode wa Allah da ya sa waɗannan mutanen ne a kusa da ni a shekarar. Da Iya ta fara da faɗa, na san kaina, da na rage wani abu a labarin, na ce yayyafi ne. Da Gwaggo ta ce ba komai don ganin idon Iya, da ban san girman abin da na kusa jawo mata ba. Baba kuma gefen rafinsa ya zauna babu waken suya a shekarar, bai taɓa tayar min da maganar ba ko sau ɗaya.

Da waken Gwaggo ya bushe na je taya ta girbi, ranar da babu makaranta. Muka tuge, muka tara a kan tamfol, kwasfar tana fashewa da kanta a rana, ƙwayoyin suna tsalle. Muka buga da sanda muka sheƙe. Buhu biyu ya cika, da ɗan saura a baho. Gwaggo ta ɗinke bakin na biyun, ta zauna a kai ta miƙe ƙafa, ƙaiƙayi duk ya cika mata gira.

"Ni da awon wake a Makarfi sai wata damina," in ji ta. Ta share fuska da gefen zane. "Tashi ki tafi gida kada magariba ta yi miki a hanya. Ki ce ina gaida Iya, gobe ina nan shigowa."